Scott Forbush (1904–1984): Mai Tsaron Yayyafin Samaniya

Gabatarwa

Duban sama ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni manomi yana lura da fitowar Kaza da 'Ya'yanta, fatake suna ɗaura kaya da ganin Gamzaki, malamai kuwa suna lissafin manzilolin wata 28 don sanin shigar damina da fitarta. A shekarar 1824, da Baturen nan Hugh Clapperton ya iso Sakkwato ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kayan awonsa, sai ya tarar Sarkin ya san buruji da taurari masu yawa da sunayensu na Larabci. To, amma duk wannan ilmi ne na abin da ido ke iya gani. Akwai wani abu kuma da ke saukowa daga sama dare da rana, rani da damina, a kan birni da ƙauye, wanda ido ba ya ganinsa, fata ba ta jinsa. Wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi ne masu gudu kusa da gudun haske, waɗanda masana kimiyya ke kira kosmik. A wannan maƙala an ba su sunan yayyafin samaniya, domin kuwa kamar yayyafi suke zuba. Mutumin da ke zaune a gindin bishiya a Horo Birni, in ya buɗe tafin hannunsa, kimanin ƙwaya guda ce ke ratsa shi a kowace daƙiƙa, ta wuce cikin ƙasa.

Maƙalar tana ba da tarihin Scott Ellsworth Forbush, Ba'amurken da ya kwashe mafi yawan rayuwarsa yana tsaron wannan yayyafi da na'urorin da aka girke a doron ƙasa, har ya gano cewa raguwarsa da ƙaruwarsa suna ba da labarin halin da rana take ciki. A kan wannan aiki nasa aka gina wani babban sashe na abin da ake kira lura da yanayin sararin samaniya.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Forbush ranar 10 ga Afrilu, 1904, a wata gona kusa da garin Hudson, cikin jihar Ohayo ta Amurka, watau shekara guda bayan da Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Ɗan ƙauye ne, ya tashi cikin aikin gona. Ya yi karatun sakandare a garinsu, sa'an nan ya shiga makarantar kimiyya ta Case da ke birnin Cleveland, inda ya sami digiri a fannin kimiyyar fiziya a 1925. Ya ɗan taɓa karatun gaba da digiri a Jami'ar Jihar Ohayo, amma bai daɗe ba ya bari, ya kama aiki a hukumar ma'aunai ta gwamnatin Amurka a birnin Washintan.

A 1927 ya koma Sashen Nazarin Maganaɗisun Duniya na Cibiyar Carnegie. An kafa wannan sashe ne a 1904, shekarar haihuwarsa, don auna ƙarfin maganaɗisun duniya a tudu da teku. Dalilin aikin shi ne, duniya kanta tamkar wani ƙaton mayen ƙarfe ce, shi ya sa allurar kamfas take fuskantar arewa, kuma jiragen ruwa na wancan zamani da ita suke neman hanya. Wannan sashe shi ne gidan Forbush har ƙarshen aikinsa.

Wankayo da jirgin Carnegie

Wurin da aka fara tura shi shi ne tashar Wankayo a ƙasar Peru, wadda aka buɗe a 1922 a kan duwatsun Andis, a tsayin mita 3,300 da 'yan kai daga fuskar teku. An zaɓi wurin ne saboda yana kan layin da ya raba maganaɗisun duniya biyu, inda allurar awo take kwanciya daidai, ba ta sunkuyar da kai ƙasa. Aikin mai tsaron tasha ba shi da wani armashi: canja takardar na'ura kowace rana, gwada agogo, auna allura, rubuta lamba. A nan Forbush ya koyi cewa lambar da aka rubuta da sakaci yau tana iya ɓata lissafin shekara goma.

A 1929 ya shiga cikin ma'aikatan jirgin ruwan cibiyar mai suna Carnegie. An ƙera jirgin a 1909 da katako da tagulla, aka guje wa baƙin ƙarfe don kada ya ruɗa allurar awo. Ranar 29 ga Nuwamba, 1929, ana cikin loda fetur a tashar Apia ta tsibiran Samowa, sai wuta ta tashi, jirgin ya ƙone ƙurmus. Kyaftin James Ault da wani yaron jirgi suka rasa rayukansu. Forbush yana cikin waɗanda suka tsira. Ya koma Washintan, aka sa shi aikin tace lambobin da aka tara a tafiyar.

Mene ne yayyafin samaniya?

Kafin a fahimci aikinsa, ya kamata a san inda ilmin ya tsaya a lokacin. Ranar 7 ga Agusta, 1912, wani masani ɗan Ostiriya, Victor Hess, ya hau balan-balan har tsayin mita 5,300, ya tarar abin da ke sa iska ta ɗauki cajin lantarki yana ƙaruwa ne in an yi sama. Ke nan daga sama yake zuwa. Wannan ya ba shi lambar Nobel a 1936. Daga baya Jacob Clay a 1927, da Arthur Compton a farkon shekarun 1930, suka nuna cewa yayyafin ya fi yawa a ƙasashen da ke kusa da ƙuryar arewa da ta kudu, ya fi ƙaranci a tsakiyar duniya. Wannan ya tabbatar da cewa ƙwayoyi ne masu caji, tun da maganaɗisun duniya yana iya karkatar da su.

Abin da aka sani yanzu shi ne, kusan kashi 90 cikin ɗari na waɗannan ƙwayoyi furoton ne, kuma yawancinsu daga wajen iyalin rana suke fitowa, daga ragowar taurarin da suka fashe. In ƙwaya ta iso, sai ta yi karo da iska a can wajen kilomita 15 sama, ta farfashe, ta haifi wasu ƙwayoyin. 'Ya'yan da jikokin su ne ke isowa ƙasa, musamman waɗanda ake kira muwon da niyutiron. Garkuwa biyu ke kare 'yan Adam daga kaifinsu: iskar da ta lulluɓe duniya, da kuma maganaɗisunta.

Tulun ƙarfe huɗu

A tsakiyar shekarun 1930 Cibiyar Carnegie ta yanke shawarar a daina awo na ɗan lokaci, a kafa na'urori masu aiki ba dare ba rana a sassa dabam-dabam na duniya. Compton da abokan aikinsa suka ƙera na'urar. Wani tulun ƙarfe ne mai cin kimanin lita 19, an ɗura masa iskar agon da matsi ninki 50 na iskar da ake shaƙa, an kewaye shi da dalma mai kauri don a tare duk wani tururin da ke fitowa daga ƙasa ko bango. Duk ƙwayar da ta ratsa tulun takan bar ɗan cajin lantarki, allura ta motsa, a ɗauki hoton motsinta a kan takarda. Aka girke su a Cheltenham kusa da Washintan, da Wankayo, da Christchurch a Niyu Zilan, sa'an nan a 1938 aka ƙara Godhavn a Girinlan. Aka damƙa wa Forbush kula da su da fassara abin da suka rubuta.

Wahalar aikin ita ce, canjin da ake nema ɗan ƙanƙane ne, abubuwan da ke iya ruɗa mutum kuwa suna da yawa. In nauyin iska ya ƙaru, ƙwayoyin da ke isowa ƙasa sukan ragu. Zafi da sanyin sama ma suna da tasu rawar. Na'urar kanta takan gaji ta kauce. Dole ne a cire duk waɗannan kafin a ce ga abin da ya zo daga sama. Forbush ya amfana ƙwarai da zama da masanin nan na Jamus, Julius Bartels, wanda ya riƙa zuwa cibiyar a waɗannan shekaru, gwani wajen rarrabe canji na gaskiya da na dace. Ya kuma sami abokiyar aiki mai haƙuri, Isabelle Lange, wadda suka tace lambobin tashoshin tare suka buga su. Ƙa'idarsa ɗaya ce: abin da tasha guda ta gani zato ne, sai tashoshi masu nisa da juna sun gan shi a lokaci guda ya zama shaida.

Raguwar da ta ɗauki sunansa

A ƙarshen Afrilu, 1937, aka yi guguwar maganaɗisu, watau allurar awo a duk faɗin duniya ta rikice na kwanaki. Da Forbush ya duba takardun Cheltenham da na Wankayo, sai ya ga yayyafin ya ragu da kimanin kashi 4 cikin ɗari a wuraren biyu a lokaci ɗaya, sa'an nan ya riƙa komowa a hankali cikin kwanaki. Tsakanin tashoshin akwai dubban kilomita, saboda haka ba a iya ɗora laifin a kan iskar wuri ko lalacewar na'ura. Hess ma, a tasharsa ta dutsen Hafelekar da ke Ostiriya, ya ga irin wannan. Forbush ya buga sakamakon a shekarar, ya kuma bi shi da nazarin wasu guguwoyin. Tun daga nan ake kiran irin wannan faɗuwa raguwar Forbush.

Sai dai bayanin da ya bayar na dalilinta bai tsaya ba. Shi a ganinsa, wani kogin lantarki da ke kewaye duniya lokacin guguwa shi ke kore ƙwayoyin. Abin da ya dame shi shi ne, wata guguwar takan zo da raguwa, wata kuma ta zo ba tare da ita ba. A shekarun 1950 John Simpson na Jami'ar Shikago ya nuna cewa musabbabin yana can nesa da duniya, a sararin da ke tsakaninta da rana. A yau an san cewa rana takan yi aman wani gajimare na iska mai zafi ɗauke da maganaɗisu. In gajimaren ya lulluɓe duniya, sai ya share wani kaso na yayyafin kamar yadda tsintsiya ke share tsakar gida, ya kuma girgiza maganaɗisun duniya. Ke nan guguwar da raguwar uwarsu ɗaya. Bayanin Forbush ya faɗi, amma awonsa bai motsa ba, kuma da wannan awo aka gyara bayanin.

Ƙwayoyi daga rana

Yaƙin Duniya na Biyu ya janye shi daga wannan aiki. Sojan ruwan Amurka suka ɗauke shi don ya taimaka wajen rage maganaɗisun jikin jiragen ruwa, saboda nakiyoyin da ke fashewa in sun ji ƙarfe ya matso. Amma tulunan ba su daina rubutu ba. Ranar 28 ga Fabrairu, 1942, da kuma 7 ga Maris, allurar ta yi abin da ba a saba gani ba: ta yi tsalle sama cikin ɗan lokaci, ta sauko cikin sa'o'i. A daidai lokacin aka sami ɗaukewar rediyo mai gajeren zango, alamar rana ta yi tartsatsi. A ƙarshen wannan Fabrairun ne kuma James Hey a Ingila ya gano cewa ƙarar da ta cika na'urorin rada na soja daga rana take fitowa.

Forbush bai yi gaggawar yanke hukunci ba. Sai da abin ya sake faruwa ranar 25 ga Yuli, 1946, bayan wani babban tartsatsi, sa'an nan ya tara ukun ya buga, yana mai nuna cewa mai yiwuwa ne ƙwayoyin daga rana suke. Babbar hujjarsa ita ce tashar Wankayo ba ta ga kome ba, alhali Cheltenham da Godhavn sun gani. Ma'ana, ƙwayoyin suna da caji, kuma ƙarfinsu bai kai ya keta garkuwar maganaɗisu a tsakiyar duniya ba. Shirun tasha ɗaya ya zama shaida kamar motsin sauran. Wannan shi ne karo na farko da aka nuna cewa rana tana iya harba ƙwayoyi da irin wannan ƙarfi. An sake ganin abin ranar 19 ga Nuwamba, 1949. Na ranar 23 ga Fabrairu, 1956 kuwa ya fi duk wanda aka auna da na'ura a ƙasa girma, har Wankayo ma ta ji shi.

Zagayen shekara 11

Tun 1843 Heinrich Schwabe ya lura cewa baƙaƙen tabon da ke fuskar rana suna yawaita su ragu a kan lokaci, zagayen da aka tabbatar yana ɗaukar kimanin shekara 11. A 1954 Forbush ya fitar da nazarin lambobin tashoshinsa daga 1937 zuwa 1952, ya nuna cewa in tabon rana ya yawaita yayyafin yakan ragu, in tabon ya ragu yayyafin ya ƙaru. Bambancin 'yan kashi kaɗan ne cikin ɗari, kuma ba mai iya ganinsa sai wanda ya tsare na'ura guda shekara 16 ya san halinta ciki da bai. A nan ne karin maganar nan ta mahaƙurci mawadaci ta sami gurbi. Ya kuma yi nazarin canjin da ke maimaituwa duk kwana 27, gwargwadon juyawar rana, da wani ɗan canji na kullum da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, wanda a ƙarshen shekarun 1960 ya nuna yana bin zagaye biyu na rana, watau shekara 20 da ɗoriya.

Ƙarshen rayuwarsa

A Shekarar Nazarin Duniya ta 1957 zuwa 1958, lokacin da ƙasashe fiye da 60 suka haɗa kai don auna ƙasa da teku da sama, Forbush ne ya shugabanci kwamitin Amurka mai kula da yayyafin samaniya. An ba shi lambar Chree ta Ingila a 1961, aka zaɓe shi cikin Majalisar Masana Kimiyya ta Amurka a 1962, ya karɓi lambar John Fleming a 1966. Ya yi ritaya a 1969, amma ya ci gaba da nazari har ƙarfinsa ya ƙare. Ya rasu ranar 4 ga Afrilu, 1984, a garin Charlottesville na jihar Bajiniya, saura kwana shida ya cika shekara 80. A 1993 James Van Allen ya tattara muhimman rubuce-rubucensa a littafi guda.

Abin da ya bari

Tulun Compton ya ba da wuri ga wata na'ura da ta fi shi jin motsi, mai ƙirga niyutiron, wadda Simpson ya ƙirƙiro tsakanin 1948 da 1951, aka kuma kyautata ta a 1964. Amma tsarin na Forbush ne: tashoshi da yawa, a wurare masu nisa da juna, suna aiki ba yankewa. A Afirka, tashar Hermanus ta Afirka ta Kudu ta fara aiki a 1957, daga baya aka ƙara Potchefstroom da Tsumeb ta Namibiya.

Amfanin wannan tsaro ya fito fili ne da duniya ta dogara ga lantarki da tauraron ɗan Adam. Ranar 13 ga Maris, 1989, guguwar maganaɗisu ta kashe wutar lardin Kwibek na Kanada na tsawon awa tara. Ta ƙarshen Oktoba, 2003 ta ɗauke wuta a birnin Malmo na Suwidin, ta kuma lalata manyan tiransifoma a Afirka ta Kudu. A Fabrairu, 2022, taurarin Starlink 38 daga cikin 49 da aka harba tare suka faɗo saboda wata guguwar da ba ta ma kai waɗannan ba. Hasken tartsatsi yana isowa duniya cikin minti takwas, ƙwayoyi mafi sauri suna biyo bayansa ba da jimawa ba, gajimaren kuwa yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa huɗu. Na'urorin ƙasa suna jin ƙwayoyin farko, su ba da gargaɗi ga masu kula da taurarin ɗan Adam da jiragen saman da ke bi ta ƙuryar arewa kafin tarin ƙwayoyin ya iso. Suna da wata fa'ida kuma: guguwar da ke iya makantar da na'urar da ke sama ba ta taɓa wadda ke ƙasa.

Ƙasar Hausa tana da nata matsayi a wannan lissafi. Layin nan na tsakiyar maganaɗisu da ya bi ta Wankayo, kudu da tsakiyar duniya, in ya haye teku ya iso Afirka sai ya karkata arewa, ya ratsa ta arewacin Nijeriya. Saboda haka ƙasar Boɗinga da Shagari tana cikin yankin da garkuwar maganaɗisu take da kauri, inda sai ƙwaya mai matuƙar ƙarfi take iya sauka. Tasha a irin wannan wuri tana yin aikin da Wankayo ta yi wa Forbush, watau ta nuna iyakar ƙarfin abin da rana ta harbo. Haka kuma kaurin garkuwar bai hana yankin jin tasirin rana ta wata hanyar ba. Magidancin da ke sauraren rediyo mai gajeren zango da rana tsaka, ya ji murya ta ɗauke ɗif ba gaira ba dalili, ta komo bayan ɗan lokaci, wani sa'in ba laifin akwatinsa ba ne, tartsatsin rana ne ya toshe hanyar da muryar ke bi a sama. Saƙon GPS ma yakan rikice da dare a ƙasashen da ke kusa da wannan layi. Nijeriya kuwa ta kafa hukumar sararin samaniya a 1999, ta harba tauraronta na farko a 2003, ta shiga sahun masu dukiya a sama.

Kammalawa

Forbush bai hau balan-balan kamar Hess ba, bai ƙirƙiro na'urar da ya yi aiki da ita ba, bayaninsa na farko kuma wasu suka gyara shi. Duk da haka, manyan hanyoyi uku da rana ke taɓa yayyafin samaniya, watau raguwar lokacin guguwa, da tsallen bayan tartsatsi, da zagayen shekara 11, daga takardunsa aka fara tabbatar da su. Jarinsa shi ne riƙon amanar lamba, da ƙin faɗin abin da bai sami shaida biyu ba. Wannan hali bai keɓanta ga masu kimiyya ba. Mai nazarin harshe da ke tattara karin magana ƙauye-ƙauye, da mai bin salsalar waƙa daga bakin tsofaffi, su ma aikinsu yana tsayawa ne a kan abin da suka rubuta daidai, ranar da suka ji shi, a wurin da suka ji shi. Wanda zai zo bayansu yana iya rushe fassararsu, kamar yadda Simpson ya yi wa Forbush, amma da abin da suka tara zai yi aikin.